Tsanin Yaya da Gadar Talabijin

Yayana mai gyaran wuta ne, duk layinmu Mai Tsani ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa falwaya yana gyara fitilun titi a wani kamfani, bai taɓa faɗowa ba, wuta kuma ba ta taɓa jansa ba. Kada ka ce sa'a ce, taka-tsantsan ne irin wanda ke ƙure haƙurin mai kallo. Kafin ya hau tsani sai ya jijjiga shi sau uku, ko da shi ya jingina shi da hannunsa. Kafin ya taɓa waya sai ya ɗora mata tasta, abin gwada wuta, ko da shi ya kashe wutar layin ya jefa makullin akwatin a aljihu. In ka yi masa dariya sai ya ce, "Waya ba ta san shekarunka a aiki ba. Abin da tasta ta faɗa shi ne gaskiya, saura duk surutu ne."

Ni ne ƙaninsa, shekara biyu ce a tsakaninmu. Tela ne ni, shagona yana ƙasan benen da muke zaune, shi da iyalinsa a hawa na ɗaya, ni da nawa a na biyu. Tsawonmu ɗaya, kaurinmu ɗaya, har da awon jikina nake yanka masa riga. In muka juya baya ba a bambance mu. Matar Yaya takan ce duk ranar da ta kai ƙarar mijinta, ni za a kamo. A hali ne muka raba hanya. Shi ba ya girgiza, ni kuwa abu kaɗan ke kaɗa min hantar ciki, ban kuma taɓa ɓoye wa kowa wannan ba.

Abu ɗaya na san Yaya yana tsoro a duniya, shi ne kujerar Baba. Mahaifinmu shekara tara ya yi a zaune a kanta. Ciwon ya fara masa ne daga babban yatsa, yana ta murza shi a kan manuniya ba tare da ya sani ba. Daga nan tafiya ta koma jan ƙafa, fuska ta daskare, murya ta shige ciki har sai ka kai kunne bakinsa. Muna samari a lokacin, mu muke ba shi abinci bi da bi, don in aka bar masa cokali sai dai ka ji yana ƙwanƙwasa gefen kwano, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba abin da ke isa baki. Har yau in na ji wannan ƙarar tsigar jikina tashi take. Bayan rasuwarsa Yaya ya fito da kujerar tsakar gida, ya sa gatari ya farfasa ta.

Shekara biyu ke nan, wata safiya muna shan shayi a falonsa, na ga babban yatsansa na dama yana murza manuniya. Na tsura wa yatsan ido. Ya ga na gani, ya tura hannun a aljihu ya ci gaba da zancen ƙwallo. Wata uku muna haka, ni ina satar kallon hannun, shi yana ɓoyewa, sai da matarsa ta gaji ta ja shi asibiti, ni ma na bi su.

Likitar mace ce gajera, ba ta san kwana-kwana ba. Ta sa shi ya yi tafiya, ya juyo, ya haɗa yatsu ya buɗe, sannan ta faɗi sunan ciwon da Turanci. Mu dai a gida ciwon Baba muke ce masa. Ta ce yanzu ba zamanin Baba ba ne, akwai maganin da ke riƙe mutum shekaru yana harkokinsa. Yaya bai saurari wannan ba, tambayarsa ɗaya ce.

"Likita, zan ci gaba da hawa?"

"Yanzu dai za ka iya. Ranar da ba za ka iya ba zan faɗa maka, ba zan ɓoye ba."

Kamfani kuma suka kafa nasu sharaɗin. Duk wata uku sai ya kawo takarda da sa hannun likita kafin a bar shi ya taɓa tsani. In babu takarda, za su mayar da shi sito, ya zauna a kujera yana miƙa wa ma'aikata ƙwan fitila da waya. Da ya zo yana ba ni labari, a kan kalmar kujera muryarsa ta tsaya.

Likita ta ce minti goman da take ganinsa a asibiti ba sa gaya mata komai. Mara lafiya yakan sha magani, ya yi wanka, ya shigo yana ƙoƙarin nuna ƙalau yake, alhali a gida ne ciwon ke nuna halinsa. Don haka ta ba mu wani kwali. A ciki akwai na'urar gem irin wadda yara ke nacin a saya musu, da kyamara da ake ɗorawa a saman talabijin, da wani farin allo mai kama da sikeli da ake tsayawa a kai. Sau biyu zai riƙa yi kullum, ƙarfe bakwai na safe bayan ya sha magani, da ƙarfe biyar na yamma kafin ya sha na gaba. Duk motsin da ya yi na'urar za ta auna ta tura mata ta intanet.

Yaya ya tsuke fuska. "Kyamara a falona? Inda iyalina ke zama?"

"Ba ta ɗaukar fuska," in ji Likita. "Gaɓoɓi kawai take gani, kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da yatsu. Ni ɗigo-ɗigo nake gani a nan, ko kalar rigarka ban sani ba."

Wannan maganar ta kwantar masa da hankali a ranar. Ashe ya adana ta ne don wata rana.

Shi ya haɗa na'urar da kansa, ya bi bango da wayoyin ya ɗaɗɗaure su tsaf kamar za a zo duba aiki. In ya tsaya a kan allon sai wani ɗan mutum na kara ya bayyana a talabijin, duk abin da ya yi shi ma ya yi. Wasa biyu ne. Na farko balan-balan ke saukowa ta dama da hagu, ka miƙa hannu ka fasa. Na biyu wata siririyar gada ce a kan kogi, kana karkata jikinka ɗan karan yana tafiya, in ka yi tangaɗi ya faɗa ruwa tsulum, sai wani kiɗa na murna ya tashi kamar abin arziki ya faru. In an gama ka tsaya shiru ka saki hannuwa na daƙiƙa talatin, sannan maki ya fito da kala, kore ko rawaya ko ja. Likita ta ce in makin yamma ya zauna a ja sati biyu a jere, ba za ta sa hannu a takarda ba.

Shekarar farko abin dariya ne. Matar Yaya takan leƙo daga kicin ta ce, "Tsofai-tsofai da kai kana farautar balan-balan. Maigida, in ka kama ka rago mana na miya." Shi kuma ya ce ta bari ya ƙetare gadar tukuna, in ya isa can ba zai dawo ba. Kore yake samu safe da yamma, takarda kuma tana fitowa ba gardama.

Sannu a hankali yamma ta fara sauyawa. Maganin safe ba ya kai shi biyar. Daga shagona nake jiyo kiɗan murnar nan ta silin, sau ɗaya, sau uku, wata rana sau shida. Na tsani kiɗan nan tsana mai tsanani. Kore ya koma rawaya, rawaya ya fara sirkawa da ja. Da safe kuwa lafiya lau yake ƙetare gadarsa.

Ran nan ƙarfe huɗu da rabi ya shigo shago da kayan aiki a jikinsa, ya jawo ƙofa.

"Tela, kwana tara ke nan ja nake samu da yamma. Saura biyar."

"To mu koma wurin Likita ta ƙara maka magani."

"In na koma yanzu ba za ta sa hannu ba. Tashi mu je sama, kai za ka hau allon."

Na ajiye almakashi. "Yaya, kai ne fa kake cewa abin da tasta ta faɗa shi ne gaskiya."

"Wannan tasta ce? Wasan yara ne. Ka taɓa ganin na ƙetare gada a wurin aiki? Shekara talatin ina hawa, sai ɗan kara ne zai gaya min ƙafata?"

"In ka faɗo fa?"

"Gara in faɗo." Ya kalle ni ido cikin ido. "Kai ma ka ba Baba abinci. Ka san abin da nake faɗa."

Da ni jarumi ne da a nan zan tsaya. Amma tunda nake ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, ga shi kuma ya ambato Baba. Na bi shi sama. Matarsa ba ta tasowa daga shagon da take aiki sai shida, don haka ba wanda ya gan mu. Na cire takalmi na hau allon, ɗan kara ya fito, bai nuna ya ga baƙo ba. Nauyinmu ɗaya, tsawonmu ɗaya, fuska kuma ba ruwansa da ita.

Yaya ya zauna a hannun kujera yana ba da umarni kamar mai horar da 'yan ƙwallo. "Kada ka zaƙe, in ya yi kyau da yawa Likita za ta gane. Ka bar balan-balan biyu-uku su wuce."

Na bar biyu-uku suka wuce. Kore ya fito.

Kashegari ya lura da wani abu. "Kai, na dama za ka riƙa bari su wuce. Ciwona a dama yake, kai kuma sai sakin na hagu kake."

Na ce to. Na saki biyu a dama da gangan, amma na hagun ma suka wuce abinsu, kafin hannuna ya isa sun sauka. Na ce rashin sabo ne. Yaya ya ce da ma can ni ba na ganewa sai an maimaita, muka yi dariya.

Takarda ta fito. Likita har yaba masa ta yi ta waya, ta ce tunda maganin yana riƙe shi har yamma ba sai an ƙara ba. Wato da ƙafata na hana a ƙara wa yayana magani, da ƙafata kuma na mayar da shi saman falwaya. Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In motar asibiti ta wuce da jiniya sai in fito bakin shago ina bin ta da ido. In wayata ta yi ƙara da rana sai na yi addu'a kafin in duba. In huɗu da kwata ta yi ban ji takunsa a matakala ba, sai in ajiye ɗinki ina leƙen hanya.

Aikina ma ya fara lalacewa. Ɗinki yana karkacewa, yadin yana zamewa daga ƙarƙashin hannuna na hagu. Sau biyu ina kai keken gyara, mai gyara yana cewa ƙalau yake, ina ce masa bai iya aiki ba. Na bar dutsen guga a kan wandon wani malami har ya ƙone, sai da mai shagon kusa ya shigo da gudu ya ce ƙauri ya ishe su, ni da nake tsaye a kai ban ji komai ba. Matata ta ce kwanan nan in ina tafiya hannuna na hagu manne yake da jiki kamar na saƙale jarida a hammata. Duk na ɗora wa fargaba, na ce wanda ke ɗauke da irin kayan da nake ɗauke da su ai dole ya karkace.

A wata na huɗu da fara hau masa allon, aiki ya kawo shi layinmu. Fitilar da ke gaban kantin magani ce ta mutu, tsallaken titi kaɗan daga shagona. Wajen ƙarfe uku ne, rana tana dukan kwalta. Direban motar kamfani ya sauke masa tsani ya tafi neman ruwan sha. Ina kallo ta taga Yaya ya jingina tsanin, ya jijjiga sau uku, ya hau. Ya ɗora tasta, ya canza ƙwan, ya rufe murfin. Ya kwance bel ɗin da ya ɗaure kansa da shi a jikin falwayar, ya sauko mataki ɗaya, ya sauko na biyu, sai ya tsaya.

Da farko na ɗauka wani abu ya manta. Minti ɗaya ya wuce bai motsa ba. Sai na tuna Baba a bakin ƙofar banɗaki, ƙafarsa ta kafe a ƙasa, yana son ya ɗaga ta ƙi. Ban san lokacin da na tsallaka titin ba, ko takalmi babu. Na rungumi ƙasan tsanin na ɗaga kai. Yana can sama, tsayin hawa biyu na bene, ba bel, hannunsa na dama yana kaɗawa a jikin ƙarfen, ƙafarsa ta dama ta ƙi barin matakin. Ƙasa kuwa kwalta ce da bakin kwata na siminti.

"Yaya!"

"Yi min shiru." Muryar ƙasa-ƙasa take, irin ta Baba. "Kada ka tara min mutane."

Gumi yana ɗigowa daga haɓarsa yana sauka a hannuna. Tsanin yana ta ƙara a jikin falwayar, kaf-kaf-kaf. Na rufe ido na buɗe, na ga yadda zai faɗo, na ga inda kansa zai bugu, na ga kaina ina hawa bene in gaya wa matarsa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan ranar ba, har fitsari na ji yana neman kufce min.

"Tela, daina jijjiga min tsani."

"Ba ni ba ne, Yaya."

"Kai ne. Daga ƙasa nake jin ta. Saki hannu ɗaya."

Na saki na hagu, ƙarar ta ragu. Ban tsaya tunanin wannan ba, wa zai yi tunani a irin wannan hali?

"Ƙirga min," in ji shi. "Da ƙarfi, kamar na sojoji."

Na fara, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, kamar yadda muke yi wa Baba. A na shida ƙafar ta ɗagu. Haka na yi ta ƙirgawa yana saukowa mataki-mataki har ya taka ƙasa. Ya tsaya ya goge fuska da hula. Direba ya dawo da ruwa a leda yana tambaya ko an gama, Yaya ya ce an gama, ƙwan ne kawai.

Da biyar ta yi ya leƙo shago kamar kullum. Na ce na gama, ba zan sake hawa allon nan ba, yau ɗin nan zan gaya wa matarsa. Ya ce saura wata ɗaya takarda ta gaba ta fito, in ta fito shi da bakinsa zai roƙi Likita ta ƙara magani. Na ce a wata ɗayan nan falwaya nawa zai hau? Ya tsaya kawai a bakin ƙofa da hannu a aljihu. A fuskarsa na ga tsoro ƙarara, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Ina jin kunyar faɗa, amma na bi shi sama na ƙetare masa gadar.

Sati uku bayan haka Likita ta kira. Ta ce ya zo ranar Talata, kada ya jira ranar da aka sa masa. Yaya ya sauko shago ya ce, "Ramin ƙarya ƙurarre ne, ina jin ta gano mu. Shirya ka raka ni, amma bakinka alaikum, ni zan yi magana."

Muka zauna a gaban teburinta, shi a dama ni a hagu. Takardar kamfani tana ajiye a gabanta da biro a kai, ba a sa hannu ba. Ta juyo mana da kwamfuta, layuka biyu ne a jiki, ɗaya shuɗi ɗaya baƙi.

"Shuɗin nan hannunka na dama ne," ta ce wa Yaya. "Da safe yana rawa kaɗan, yadda na sani. Da yamma kuwa, wata biyar ke nan, ya warke sarai. Ciwon nan ba ya warkewa da yamma ya dawo da safe."

Yaya ya ƙura wa layin ido. Ni kuwa ƙasa nake kallo.

"Amma ba wannan ya sa na kira ka ba. Dubi baƙin layin, hannun hagu ne. Da safe lafiyarsa ƙalau. Da yamma yana makara wajen kai wa balan-balan, kuma kowane wata makarar ƙaruwa take. Sannan in an gama wasa an tsaya jiran maki, babban yatsan hagu yana motsi. Ƙarami ne, ido ba lallai ya kama ba, amma na'urar ta kama. Kullum da yamma, ba fashi."

Ɗakin ya yi min wani irin nisa. Ina jin ƙarar fanka, ina jin wani yana tura keken marasa lafiya a baranda. Yadin da ke zamewa ya faɗo min a rai, da wandon malami, da jaridar hammata, da tsanin da ya daina ƙara da na saki hannu. Wata biyar ina kallon gemun ɗan'uwana yana cin wuta, ashe nawa ma hayaƙi yake.

Likita ta ɗauki biron. "Abu biyu ne. Ko dai na'urar ta samu matsala da yamma, wataƙila wuta ce ke rawa a lokacin. In haka ne zan watsar da sakamakon yamma, na safe yana da kyau, in sa hannu, a ba ku wata na'urar. Ko kuma akwai wani mutum da ya kamata in gani."

Yaya ya riga ya ce min bakina alaikum, amma sai na ji muryata tana fita.

"Wuta ce, Likita. Wutar gidanmu rawa take da yamma, kowa ya sani. Ko keken ɗinkina ma haka yake yi."

Wata biyar ina ƙarya don Yaya, wannan kuwa don kaina na yi ta. Ban shirya ji ba. Na gwammace in koma shago in ci gaba da zagin mai gyaran keke da a kira min sunan ciwon Baba. Ga shi ƙaryar ta yi wa kowa daɗi, shi ya samu tsaninsa, ni in samu jahilcina. Likita ta dube ni, ta dubi Yaya, ta cire murfin biron tana jira.

Yaya ba takardar yake kallo ba. Gwiwata yake kallo, inda na ajiye hannuna na hagu. Na bi idonsa. Babban yatsana yana murza manuniya a hankali, ni ban ma san yana yi ba.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama.

"Likita, ni na ja wayar gidan nan da hannuna. Wutarsa ba ta rawa."

"Yaya..."

"Yi shiru." Ya tura takardar gefe da bayan hannu. "Na'urarki ƙalau take, abin da ta faɗa shi ne gaskiya. Ni nake hawa da safe, ƙanina ke hawa da yamma. Ni na sa shi, ba laifinsa. Ajiye biron nan ki duba min shi."

Ta mayar da murfin biron. Ba ta yi faɗa ba, ta ce faɗan yana nan tafe amma ba yau ba. Ta sa na yi tafiya, na juyo, na haɗa yatsu na buɗe. Na dama yana tafiya tiryan-tiryan, na hagu kafin goma ya fara gajiya yana ƙanƙancewa. Ta ce sai an yi wasu gwaje-gwaje kafin ta tabbatar, ta ce ba kasafai ciwon ke bin gida ɗaya haka ba amma yana faruwa, ta ce an gan shi da wuri kuma wannan alheri ne. Ina jin ta sama-sama. Kuka nake, ƙato da ni, ina goge hanci da hannun riga. Yaya kuma ya ba ta labarin falwayar gaban kantin magani tun daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba.

Gwaje-gwajen sun tabbatar. Matar Yaya ta yi kwana uku ba ta yi mana magana ba, a na huɗu ta ce da ma ta faɗa, in aka je kama ɗaya sai a kamo ɗayan, ta faɗa tana share hawaye. Yanzu kwali biyu ne a benen, ɗaya a falonsa ɗaya a nawa, kuma shi ya ɗaure min wayoyin. Tsoro bai bar ni ba. Ina shan magani, ina ɗinki, amma da cokalin roba nake cin abinci, don ba na son ranar da zan ji ƙarar nan daga kwanona.

Ranar da zai fara aiki a sito na rufe shago na raka shi, ko da yake ya ce ba ya so. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, kwalayen ƙwan fitila har rufi, nannaɗaɗɗun wayoyi a rataye. A waje abokan aikinsa suna ɗora tsani a mota, nasa yana ciki, wani zai hau. A bayan kanta aka ajiye masa kujerar, ta katako ce mai hannu biyu.

Ya tsaya a kanta ya fi minti ɗaya. Na ɗauka ƙafar ce ta kafe, har na buɗe baki zan fara ƙirga. Sai ya miƙa hannunsa na dama mai rawa, ya kama bayan kujerar, ya jijjiga ta sau uku, sannan ya zauna.

"Tela, koma shago," in ji shi. "Biyar in ta yi ka hau naka allon. In na ji kiɗan nan ta silin sama da sau biyu, ni da kaina zan kira Likita."